Sa Hannun Da Ta Hana Kawunta

Akwai wata ma'aikaciya a ofishin tsara gari, abokan aikinta suna kiranta Jan Biro, don kuskure ba ya tsallake teburinta. Dokar garin ta ce duk wanda zai gina rukunin sabbin gidaje sai ya biya wani kuɗi, da shi ake yi wa jama'a filin shaƙatawa mai bishiyoyi da benci da lilon yara. Ita ke tabbatar da an biya.

Wata safiya kawunta ya shigo da fayil a hammata. Ɗan kwangila ne, gidaje tamanin zai gina, kuma shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta.

"'Yata, rubuta min an yafe kuɗin filin nan, ki sa hannu."

Ta ba shi kujera, ta karanta fayil ɗin tsaf.

"Kawu, duk abin da ka sa ni zan yi, ban da wannan."

Ya yi dariya. "Bishiya ake ci? Mutane gida suke nema, ba lilo ba."

"Yaran unguwar a tsakiyar titi suke wasa. Watan jiya mota ta karya ƙafar wata yarinya."

"Ni kike faɗa wa haka? Ni da na kai ki makaranta?"

"Makarantar ce ta koya min karanta doka, Kawu."

Da yamma mahaifiyarta ta kira ta a waya. "Yayana ne fa! So kike ki raba mu?"

"Inna, ki yafe ni. Gidansa zan je in durƙusa in gaishe shi kullum in kina so. Amma hannuna ba zai hau takardar nan ba."

Kawu yana da mutane a sama. Cikin mako guda aka mayar da ita ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, ba taga, fanka ta mutu. Kafin ta tashi daga teburinta, ta rubuta a shafin farko na fayil ɗin: "Ba a biya ba. Ban yarda a yafe ba." Ta sa hannu da kwanan wata.

Abokiyar aikinta ta leƙo ta. "Ke dai je ki ba shi haƙuri, kya huta."

"Haƙurin me? Ƙura ce, zan shaƙe ta har in yi ritaya."

Fayil ya bi tebur uku. Kowa ya ga rubutun sai ya tura gaba, don ba mai son sunansa ya zauna a ƙarƙashin wannan layi. Wata biyar siminti na jibge, leburori sun watse. Kawu ya gaji, ya biya.

Bayan shekara aka buɗe filin. Gidajen da ke kallonsa su aka fara saye, har Kawu ya kafa allo: "Gidaje kusa da filin shaƙatawa."

Nan ya tarar da ita zaune a benci, an riga an mayar da ita teburinta. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Kin ga filin da na yi muku?"

Ta rusuna ta gaishe shi. "Na gani, Kawu. Allah ya ƙara buɗi. Na ji za ka gina wasu gidaje ɗari. Teburina za su biyo."

Darasi: Girmama babba wajibi ne, amma haƙƙin jama'a ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi. Ka tura wa duk wanda aka damƙa wa amanar sa hannu labarin nan.