Ya Sarki, Me Ka Sata?

An ce wani sarki ne aka yi a zamanin da, wanda ya gina fadarsa bisa wani dogon tudu, har mutanen garin suke cewa mai son gai da sarki ya fara neman izinin gwiwoyinsa. Sarkin ba mugu ba ne, sai dai yana da wata dabarar shari'a da yake alfahari da ita. Idan aka kawo masa masu husuma, ba ya neman shaida. Sai ya kama wuyan hannun kowannensu, ya ɗora yatsunsa bisa jijiya. Wanda ya ji tasa tana harbawa a natse, shi ne mai gaskiya. Wanda ya ji tasa tana sukuwa, sai ya ce masa, "Bakinka ya musa, amma zuciyarka ta amsa."

Ran nan da hantsi wani attajiri ya kai ƙarar wani marini mai suna Tanimu, ya ce ya ba shi alkyabba rini ya ɓoye ta. Attajiri ya hawo tudu bisa alfadarinsa. Tanimu kuwa dogarai suka tiso ƙeyarsa tun daga bakin karofi, yana gudu suna tsawa, hannayensa shuɗi har gwiwa. Sarki ya taɓa jijiyar attajiri, ya ji ta kwance. Ya taɓa ta Tanimu, ya ji kamar ganga. Nan take ya ce a yanke hannunsa bayan la'asar.

Matar Tanimu, Ladidi, ta ruga gindin tudu wurin wani tsohon masani, Malam Ma'arufu, wanda ya karanci ilmin jiki a ƙasashen gabas. Ta durƙusa tana kuka, ta ce, "Baba, mutumin nan fa ko ni ya hango na dawo daga rijiya, sai ka ga jijiyar wuyansa tana rawa, duk da daɗewarmu tare. In bugun zuciya ne laifi, ai kullum ɓarawo ne."

Tsoho ya yi murmushi, ya ce, "'Yata, kin riga ni karanta littafin. Share hawayenki."

Sai ya aika wa sarki cewa akwai wani bawan sarki da bai taɓa barci ba tun ranar da aka haifi sarki, bai taɓa ganin fuskar ubangidansa ba, kuma kullum ana sa shi shaidar zur a fada. Sarki mai son kacici-kacici ne. Ya hau doki ya gangaro da kansa, ya ce, "Ina bawan nan, ya kai dattijo?"

Malam Ma'arufu ya ce, "Ya sarki, mai kunya ne, ba ya magana da mahayi. In ka hau tudun nan da ƙafa, da irin saurin da dogaranka ke kawo mutane, zai yi maka magana kafin ka kai zaure. Ni kuwa tsoho ne, a bar ni bisa jakina."

Sarki ya yi dariya, ya sauka, ya tattare rigarsa. Da farko yana tafe yana raha. Kafin rabin hanya raha ta ƙare. Numfashinsa ya soma fita da ƙara, gumi ya jiƙa rawani, cinyoyinsa suka ɗauki zafi, ya ji wani abu yana dukan ƙirjinsa har cikin kunnuwa. Da ƙyar ya kai zaure, ya dafa bango.

Tsoho ya sauko daga jaki a hankali, ya nemi izini, ya kama wuyan hannun sarki. Ya saurara kaɗan, sa'an nan ya ce, a gaban fadawa da dogarai, "Ya sarki, me ka sata?"



Tsoho ya miƙa nasa hannun, ya ce, "Taɓa tawa. Ka ji ta kwance? Jakina ne ya wanke ni, kamar yadda alfadari ya wanke attajiri."



Malam Ma'arufu ya sassauta murya. "Ya sarki, bawan nan zuciyarka ce. Aikinta aikin mai ban ruwa ne a lambu. Tana tura jini cikin jijiyoyi zuwa kowane lungu na jiki, ɗauke da abinci da iskar da huhu ya shaƙo. Idan gaɓoɓi suka sha rabonsu, jinin ya komo ta wasu jijiyoyin ya yi duhu, sai ta aika shi huhu ya sabunta, ya dawo ja, ta sake turawa. Harbin da kake ji a wuyan hannu, turawar nan ce. To idan ƙafafu suka kama hawa, sai su yi ta neman ƙari, ita kuwa ta ninka bugu, huhu ya ninka numfashi, jini ya taso kusa da fata don zafi ya fita. Haka take yi wa mai tsoro, haka take yi wa wanda ya hango masoyinsa. Ba ta san alkyabba ba."

Sarki ya zauna a dandamali, ba bisa karaga ba. Ya dubi yatsunsa, waɗanda ya daɗe yana taƙama da su, kamar yau ya fara ganinsu. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Mutum nawa suka hawo tudun nan da gudu?"

Fadawan da suka saba cewa "Gaskiyarka, zaki!" kowa ya sa ido a ƙasa.

Sarki ya sa aka kawo attajiri, ya tambaye shi shaida. Ba shi da ko ɗaya. Aka kwance Tanimu. Sarki ya kama hannun nan mai shuɗi da nasa biyu, don neman gafara. Yana riƙe da shi Ladidi ta shigo zaure, sai ya ji jijiyar marinin ta zabura ƙarƙashin yatsunsa. Ya saki hannun da sauri, ya ja rawani ya rufe fuskarsa.

A ranar ya aika a nemo duk wanda ya taɓa hukuntawa da taɓin jijiya. Wasu suka zo, wasu suka ƙi, wasu kuwa ƙasa ta riga ta rufe su. Ya mai da wurin shari'a gindin tudu, shi ke gangarowa, shi ke hawa da ƙafarsa har ya tsufa. In an roƙe shi ya hau doki, sai ya ce, "Wanda bai hau tudun da talaka ya hau ba, kada ya yi wa hakinsa shari'a."