Koren Fenti a Zauren Alhaji Bishir

Akwai wani mai fenti a Ƙofar Sauri, cikin birnin Katsina, ana ce masa Isiyaku. Ba shi da shago. Tsohon babur ne da shi, da tsani, da buhun da yake zuba rola da burusai. Babban jarinsa kuwa sunansa ne, don shi ne mai fentin da ake bar wa gida a buɗe a tafi kasuwa hankali kwance.

Sana'ar fenti kun san ta. Gabanin sallah sai ka rasa lokacin cin abinci, bayan sallah kuma ka wuni kana duba waya ko za ta yi ƙara. Yau kafaɗa ta riƙe, gobe kananzir ya busar maka da hannu. Ga masu gida kowa da halinsa, wani shi zai zaɓi kala da bakinsa, idan ta bushe ya ce ba ita ya nuna ba. Duk wannan Isiyaku ya saba, yana shanyewa yana dariya.

Abin da bai saba ba shi ne a kira shi ɓarawo.

Akwai wani mai sayar da shadda a Babbar Kasuwa, Alhaji Bishir, layinsu ɗaya da Isiyaku. A lokacin bai taɓa taka Makka ba. Alhajin na aljihu ne, kun dai gane irinsu. Ya ba Isiyaku fentin wani sabon sashe da ya gina, ana cikin aiki sai aka nemi bokitin fenti ɗaya aka rasa.

Alhaji bai kira shi gefe ya tambaya ba. Sai da ya bari an sallame la'asar, mutane suna neman takalmansu a ƙofar masallaci, sannan ya ɗaga murya.

"Kai mai fenti, tsaya nan. Ina bokitina?"

"Wane bokiti, Alhaji?"

"Kar ka maida ni yaro. Na san halinku, ku cika fenti da ruwa, ku kwashe saura ku kai kasuwa. A zazzage mani buhun nan."

Bokitin fenti dai ba ya shiga buhun burushi, Alhaji ma ya sani. Tozarcin kawai yake so. Aka zazzage buhu a ƙasa, burusai suka watse, kwanon abincin Isiyaku ya gangara har bakin kwata. Da ba a ga komai ba sai Alhaji ya ce, "To ai ya riga ya saida." Wani abokinsa ɗan kasuwa ya kwashe da dariya. Isiyaku ya durƙusa yana tsince kayansa ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Daga ranar wayarsa ta yi shiru. Waɗanda suka yi masa alkawarin aiki suka koma cewa sai an ga yadda hali ya yi. Matarsa Lami ta daina zuwa gidan suna, don tana shiga ake sauya hira.

Ba a daɗe ba gaskiya ta fito. Ashe uwargidan Alhaji ce ta ba ƙanenta bokitin ya shafe ɗakinsa, da ta ga abin ya zama rigima sai tsoro ya hana ta magana. Labarin ya bi ta bakin mata ya zaga unguwa. Alhaji ya ji, ya yi kamar bai ji ba. Ƙarya a ƙofar masallaci aka yi shelarta, gaskiya kuwa a tsakar gida ake raɗarta, don haka aikin Isiyaku bai dawo yadda yake ba.

Duk da haka ya daure, yana cewa wata rana Alhaji zai neme shi.

A shekarar Alhaji Bishir ya biya kujerar Makka. Kamar yadda maniyyata suke yi, ya bi layi gida-gida yana sallama yana neman gafara. Ya tsaya wajen mai kanti, ya tsaya wajen tela, har mai faci ya roƙa. Isiyaku na zaune a ƙofar gidansa yana wanke rola, ya ma fara goge hannu a jikin wando don su gaisa. Da Alhaji ya zo daidai shi sai ya zaro waya ya kara a kunne, ya wuce.

Isiyaku ya shiga gida ya gaya wa Lami abin da ya faru.

"Ka bar shi da Allah, Baban Safiya," in ji Lami.

"Na bar shi da Allah tun tuni. Yanzu kuma saura nawa. Rama cuta ga macuci ibada ne."

"Mi za ka yi mashi?"

"Ban sani ba tukun. Amma wallahi sai ya ji abin da na ji, kuma a gaban mutane."

Ni dai ba zan ɓoye muku ba, a wannan gaɓar ina bayan Isiyaku. Mutumin da zai tafi ɗakin Allah ya nemi gafarar mai faci ya tsallake wanda ya zalunta, wannan ba mantuwa ba ce, raini ne tsagwaronsa.

A duk wannan tsakanin mutum ɗaya ne bai juya wa Isiyaku baya ba, wato Mannir, abokin sana'arsa tun suna koyo. Idan Mannir ya samu aiki sai ya kira shi su raba. Da aka fara jigilar dawo da alhazai, ƙanen Alhaji Bishir ya ba Mannir fentin gidan, don a al'ada ba a tarbar alhaji da tsohon bango.

Mannir ya zo ya samu Isiyaku. "Na san abin da ke tsakaninku, amma mai gidan ba ya nan. Ni in yi cikin gida, kai ka riƙe mani zaure. Ka samu na cefane."

Isiyaku ya ce, "Zaure? Na amsa."

Ga wanda bai san aikin ba, fentin zaure yana da ƙa'ida. Sama ana shafa fentin ruwa, amma daga ƙasa zuwa kafaɗar mutum fentin mai ake sawa. Dalili kuwa a zaure kan tabarma ake zama a jingina da bango, shi kuma fentin mai idan ya bushe ba ya bin tufa. Duk mai fentin da ya san hannunsa ba ya wasa da wannan.

Isiyaku ya je kasuwa ya sayo garin kala kore da kuɗinsa. Ya samu fentin ruwa mafi araha, ya tsinka shi da ruwa sosai, ya zazzaga masa garin har ya yi kore shar. Shi ya shafa wa ƙasan bangon kaf, ya ja layi miƙaƙƙe gwanin kyau. Irin wannan haɗin idan ya bushe lafiya lau yake a ido, amma da gumi ya taɓa shi sai ya saki.

Fentin man da aka saya kuwa ya shafe ƙofa da taga da shi, warinsa ya cika zauren yadda ba mai zargin komai. Ragowar ya rufe ya ajiye a bayan ƙyaure. Ko cokali ɗaya bai ɗauka ba, yana ce wa ransa ai shi ba ɓarawo ba ne.

Mannir ko dubawa bai tsaya yi ba. Wa zai tsaya duba aikin Isiyaku?

Ranar da Alhaji ya zauna karɓar masu barka da sauka, zafi ake irin na farkon damina, mai sa riga ta manne a jiki. Ga shi an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, zauren ya yi duhu-duhu. Manyan unguwa da 'yan kasuwa suka cika shi, kowa ya ci farar shadda ya jingina da bango, ana zagayawa da dabino da zamzam.

Isiyaku ya samu benci a gindin dalbejiyar da ke kallon gidan ya zauna.

Wanda ya fara fitowa shi ne abokin nan na Alhaji da ya yi dariya a ƙofar masallaci. Ya fito yana gyara babbar riga yana taƙama, bayansa kuwa tun daga wuya har kugu kore ne. Mutanen waje suka toshe baki, ba wanda ya gaya masa, ya shige mota ya tafi kasuwa a haka. Wani daɗi ya ratsa Isiyaku tun daga kai har ƙafa. Rabon da ya ji sanyi a ransa irin wannan tun kafin maganar bokiti.

Yana cikin jin daɗin nan sai Mannir ya leƙo daga zaure ya yafito shi. "Taho, Malam Liman na kira."

Ya shiga ya yi sallama, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Limamin unguwa, dattijon da kowa ke jin nauyinsa, yana zaune kusa da Alhaji ya jingina da bango. Bayan an gaisa sai Liman ya gyara murya.

"Alhaji, ka dawo daga ɗakin Allah, muna fatan an amsa. Amma akwai haƙƙi guda da ya rage, kuma ba a yafe shi a Arfa sai mai shi ya yafe. A gaban jama'a ka ce ma bawan Allah nan ɓarawo, kowa kuma ya san inda bokitin ya tafi. Na yi shiru ne ina jiran wannan rana, don a gaban jama'a ya kamata a wanke shi."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana murza carbi.

Liman ya ci gaba. "Ni na san Isiyaku tun tasowarshi. Ban taɓa jin ya ha'inci kowa a aiki ba. An zalunce shi ya yi haƙuri, bai rama ba, bai kai ƙara ba. Ni shaida ne."

Isiyaku na kallon gumin da ke gangarowa daga wuyan Liman yana shiga riga. Yana kallon yadda dattijon ke gyara zama yana goga baya a bango. Ya so ya ce, Malam ɗago daga nan, amma ya san faɗin haka tona wa kansa asiri ne.

Alhaji ya yi gyaran murya, da ƙyar ya ce, "To, Isiyaku, abin da ya faru dai..."

"A'a, ku tashi ku yi musabaha," in ji Liman. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya juya zai kamo hannun Alhaji.

Nan kowa ya ga bayansa.

Sai kowa ya shiga murɗa wuya yana janyo rigarsa. Babu wanda ya tsira. Sabuwar jallabiyar da Alhaji ya sayo a Makka ta fi ta kowa shan kore. Zaure ya kaure da salati, masu leƙe daga waje kuma dariya ta ƙwace musu.

Alhaji ya juya kan Mannir. "Kai ka amshi aikin nan?"

"Ni ne, Alhaji."

"Wa ya shafa zauren?"

Mannir ya goga yatsa a bango ya duba. Nan take ya gane komai, amma ko kallon inda Isiyaku yake bai yi ba. Ya ce, "Ni na amshi aiki, Alhaji. Duk abin da ya lalace laifina ne."

Alhaji ya ɗaga murya, irin muryar nan ta ƙofar masallaci. "Maha'inci. Ka ci kuɗin fentin mai ka shafa mani ruwan kala. Wallahi sai na tabbatar ba ka ƙara riƙa burushi a garin nan ba."

Duk tsawon kwanakin da Isiyaku ya yi yana ƙulla abin nan, fuskar Alhaji kawai yake gani. Ko sau ɗaya bai tuna cewa da sunan Mannir aka karɓi aikin ba. Yanzu ga mutumin da ya riƙe shi lokacin da kowa ya sake shi, yana tsaye ana yi masa irin abin da aka yi wa shi Isiyaku.

Ya miƙe. "Ba shi ba ne, Alhaji. Ni na shafa. Fentin manka na nan bayan ƙyaure. Da gangan na yi."

Kun san abin da ya fi ba ni haushi? Fuskar Alhaji Bishir sai ta washe. Ya dubi Liman ya ce, "Allah gafarta Malam, ka ji mutumin da ka ce in roƙa gafara. Wancan karon na faɗa ba ni da shaida. Yau ga shaida nan a bayan kowa."

Liman ya tattare rigarsa ya nufi ƙofa. Da ya zo daidai Isiyaku sai ya tsaya, ya ce a hankali, "Da bakina na yi maka shaida, Isiyaku." Ya sa takalmi ya fita.

Washegari Isiyaku ya dawo da samfefa ya kankare bangon tas, ya shafa fentin mai yadda ya kamata. Aikin ya yi kyau ƙwarai, amma ba wanda ya yi zancensa. Ya bi gidajen dattawan ya ba su haƙuri, wasu suka ce ba komai, wasu suka amsa daga ciki ba su fito ba. Mannir yana gaishe shi idan sun haɗu, sai dai bai ƙara kiransa aiki ba.

Maganar bokiti kuwa ta mutu murus. Har yau Alhaji Bishir bai nemi gafarar Isiyaku ba, kuma a duk Ƙofar Sauri babu wanda ya ƙara cewa ya kamata ya nema.

Darasi: Idan an zalunce ka, gaskiyarka ita ce makaminka, kada ka jefar da ita don ka huce haushi. Ramuwa da ha'inci tana wanke azzalumi, ta ɓata mai gaskiya, ta kuma shafi wanda bai ji ba bai gani ba. Ku kuma masu ɓata sunan mutane a bainar jama'a, ku sani shirun da aka yi muku ba yafiya ba ne, akwai ranar da za a tambaye ku. Ku tura wa 'yan uwa da abokan sana'a, wataƙila akwai wanda yake ƙulla tasa ramuwar a yanzu, ya karanta ya fasa.