Masu Zaman Banza na Kasuwar Gangarawa

Masu labari sun ce a garin Gangarawa an yi wani hakimi, Marafa Ilu, mutum mai son garinsa ƙwarai, sai dai Allah ya zuba masa gaggawa. Tun da aka ja kwalta ta bayan gari 'yan kasuwa suka kwashe suka koma bakin titi, kasuwar tsakiyar gari ta zama wurin kiwon awaki. Abin ya tsaya wa Marafa a rai, don ba ya so a ce a hannunsa kasuwar kakanninsa ta mutu.

Ran nan yana zagayawa ya tarar da waɗansu dattawa sun baje a gindin ɗorawa suna dara, ana ta ƙyaƙyata dariya. Ransa ya ɓaci. Ya kira Inna Tabawa korama, mai awon hatsi, wadda ta girmi kowa a kasuwar, ya ce, "Inna, gobe zan kori masu zaman banzan nan, in gina shagunan siminti a wurin. Ko allura ba sa saye!"

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka kore su, ka ji abin da ya sami Sarkin Kasuwar Tudun Baƙo."

Marafa ya ce, "Me ya same shi?"

Ta gyara zama, ta ce:

"Shi ma 'yan dara ya kora, ya share wuri tas, ya jera shaguna reras. Ashe masu kallon dara su ne ke zama wanzami ya yi musu aski. In an gama aski yunwa ta taso, sai a nufi mai tsire. Matar da ta aika a kira mata miji daga wurin dara kuwa, sai ta haɗa da sautun daddawa. Dara na tashi wanzami ya naɗe tabarmarsa, mai tsire ya bi shi, shagunan nan masu kyau suka zama na gizo-gizo. Sarkin Kasuwa ya rasa abin da ke masa daɗi, ya kai kukansa wurin abokinsa, wani mai zuma. Mai zuma ya ce, 'Kai dai ka yi irin ta ƙanena. Bari ka ji.

'Ƙanena ya ɗaura amya a itatuwan gonarsa, yana ta kwasar zuma. To, shi mutum ne mai tsabtar tsiya. Ya dubi ciyayi masu fure a bakin gona, ya ce ba a ci, ba a sayarwa, ya sa fartanya ya nome su kaf. Ƙudan zuma suka yi ƙaura. Ya saƙa sabbin amya, ya turara su, ko ɗaya bai dawo ba. Wurin kwana ya yi ta gyara musu, ya manta abincinsu ya nome.'"

Tabawa ta dubi Marafa, ta ce, "Dattawan nan su kaɗai suka rage da ke sa mai wucewa ya tsaya. In ka kore su, wa zan auna wa gero? Siminti?"

Kunya ta kama Marafa. Ya ce, "Na ji, sun zauna. Amma su nawa ne? Ina zan sami ƙarin masu zama?"

Ta ce, "Af! Wa ya fi ka tara su? Kullum ƙofar gidanka cike take, mai ƙara, mai gaisuwa, mai rakiya, suna wuni da yunwa, ko gyaɗa babu mai kai musu."

Dariya ta ƙwace wa Marafa. Ya ce, "Wato ni ne babban mai zaman banzan garin nan?"

"Ni ban faɗa ba, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Kin faɗa, na kuwa karɓa."

Washegari aka ɗauko shimfiɗarsa daga zaure, aka baje ta a tsakiyar kasuwa, ya ce daga yau nan zai riƙa sauraron jama'a. Kafin azahar mai fura ta sayar, ta aika gida a ƙaro. Ba a yi nisa ba wanzami ya dawo daga bakin titi, mai tsire na biye da shi. Marafa na zaune yana kallo, daɗi ya cika shi, har ya fara jin haushin awaki, wai sun tare wa masu ciniki hanya.