Wanzamin da Bai Ga Furfura Ba

Wai a ƙasar Japan, Gwamna Harutoki ya ji za a sauke gwamnonin da suka tsufa. Sai ya kira wanzaminsa, Kichibei, ya tambaye shi:

"Akwai furfura a kaina? In ka yi ƙarya, takobi. In ka ce akwai, takobi."

Kichibei ya ɓata rai. "Haba, ranka ya daɗe! Kai ka hana talaka ya dube ka. Shekara ashirin ido rufe nake maka aski, ko ƙwarzane babu, amma ba a taɓa yaba mini ba!"

Gwamna ya shafa maƙogwaronsa. "Ido rufe? Da aska? Maza buɗe su!"

"To, amma duk abin da suka gani, laifin mai umarni ne."

Gwamna ya miƙa kai. "Rufe idanunka, yi askinka."