Motar da Mai Kifi Ya Zubar a Bola

Akwai wani mai sayar da kifin ƙanƙara, Mai Kifi kowa ke ce masa, da ya faɗo gidan surukinsa wata rana da hantsi, hula a hannu, ko takalmi bai tsaya cirewa ba. Rantsuwa yake yi yana ƙarawa cewa tun da aka shimfiɗa duniya ba a taɓa zaluntar ɗan Adam irin yadda aka zalunce shi ba.

"Baba, an yi mini fashi! Mota guda aka sace mini, ido na ganin ido, kuma ɓarawon ɗanka ne na cikinka!"

Tsohon yana zaune a baranda yana yanke farce. Ya ɗaga kai ya leƙa waje, sai ga motar Mai Kifi a ƙofar gida, an jawo ta da igiya, tana ƙyalli kamar madubi.

"To waccan fa ta wace ce?"

"Waccan gawa ce, Baba. Ran ne aka sace."

Jama'a, ni da nake ba ku labarin nan raina a ɓace yake. Ba don Mai Kifi ba, wannan ko oho. Don motar nake jin haushi, baiwar Allah da ba ta ci ba, ba ta sha ba. Ku gyara zama ku ji yadda abin ya faro.

Mai Kifi ya samu kwangilar kai kifi wani babban otal a wani gari mai nisa, can bayan duwatsu. Babban kukun otal ɗin sharaɗi ɗaya ya kafa masa: kifi ya iso da ƙanƙararsa. Ranar da ya iso a narke, ranar ce ta ƙarshe.

Don haka ya sayi a-kori-kura mai shan dizal, ta hannu. Tsohuwa ce, fenti ya koɗe, kujera ta lotsa, amma injin lafiya lau, kana murza makulli take amsawa. Ya kai ta gareji a duba. Bakanike ya shiga ƙarƙashi, ya fito, ya saurari injin, ya goge hannu.

"Yallaɓai, ka yi dace. A juye baƙin mai, a canza filtoci da bel, ga tiyo ɗaya ya tsattsage. Shi ke nan, sai ka kama hanya."

Wani zai yi hamdala. Mai Kifi haushi ya ji.

"Shi ke nan? Ka dube ni sama da ƙasa ka ce shi ke nan? Ka ɗauka ba ni da kuɗin gyara ne? Wannan baƙin abin mene ne?"

"Lagireto ne, mai sanyaya injin. Na asali ne, da shi aka ƙera ta."

"Wato sa'an kakana ne. Cire shi! Ni mota nake so wadda ba ta mutuwa a hanya. Duk abin da ya tsufa a fitar, a sa sabo fil a kwali."

Bakanike ya dube shi, ya dubi aljihunsa, ya ga aljihun ya fi kan nauyi. A ransa ya ce, ni wane ne zan hana mai kuɗi ɓarna? A fili kuwa ya ce, "Yadda ka ce, ranka ya daɗe."

Kayan asali sababbi akwai su a kasuwa, amma da Mai Kifi ya ji farashi sai ya ce wai raina masa wayo ake yi. Ya zaga bayan layi ya samo wani mai shago da ke kiransa "babban yaya", kayansa sun fi na asalin ƙyalli, kwalayensu har da zanen zaki. Ya yi ciniki har mai shagon ya yi kamar zai yi kuka. Ya fito yana taƙama ya yi wa ɗan kasuwa wayo. Mai shagon kuwa sai da ya ga ƙeyarsa ta sha kwana sannan ya saki dariya.

Haka aka shiga yi wa lafiyayyar mota fiɗa. Yau lagireto, gobe famfon ruwa, jibi famfon mai. Aka cire sitata, aka cire kuloci, har sifirin ɗin baya bai tsira ba. Aka ƙara mata fitilu a ka kamar za ta farauta, da hon mai kukan jirgin ƙasa, aka fesa sabon fenti.

To, matar Mai Kifi tana da ƙane, magidanci ne har da furfura a gemu, ana ce masa Tsintau saboda ba ya wuce ƙusa a hanya bai sunkuya ba. Shi ma yana da a-kori-kura irin wannan sak, sai dai tasa ta daɗe a kan duwatsu a bayan gida, kaji na ƙwai a mazaunin direba.

Mai Kifi bai taɓa ɗaukar Tsintau a bakin komai ba. Amma da tsofaffin ƙarafa suka taru a gareji, bakanike ya ce a kwashe masa, sai dabara ta faɗo masa.

"Kai Tsintau, zo nan, sarkin bola. Kana son waɗannan?"

"Mijin Yaya, ai ni ko ƙashi ka jefo cafewa zan yi."

"To ba kyauta ba. Za ka riƙa wanke mini mota, ka yi mini lodin kifi a shago. Duk ƙarfen da aka cire, ladanka ke nan."

"Na yarda. Allah ya ƙara maka zafin nema, ya ƙara wa motarka ciwo."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Kwashe ka ba ni wuri."

A gaban 'yan gareji yake shuro masa su da ƙafa. Ya koma gida yana ba matarsa labari har da ƙyaƙyatawa: ya samu lebura kyauta, yana biyansa da shara. Matar ta ce, "Maigida, ɗan'uwana ne fa." Ya ce, "Shi ya sa ban haɗa masa da share shago ba."

Kada ku ɗauka Tsintau wani gwanin inji ne. Ko kusa. Shi dai abin da aka jefo masa yake kai wa wani abokinsa mai gyara, a ɗaura a inda ya shiga. Ana nan ana nan, wata safiya unguwa ta ji tari da baƙin hayaƙi, kaji suka watse. Gawa ta tashi.

Ranar kai kifin farko, Mai Kifi ya sa farar riga, ya fesa turare, ya danna hon ɗin jirgin ƙasa har sai da maƙwabta suka leƙo. Tsintau ya gama masa lodi ya ce, "Mijin Yaya, in biyo ka a baya? Ina so in gwada tawa a doguwar hanya."

"Ka biyo ni? Da wannan gwangwanin? To biyo, amma ka ba da rata, kada mutane su ɗauka tare muke."

Tafiya ta yi daɗi har aka iso hawan dutse. Rana ta take. Motar ta fara nishi, allurar zafi ta haye sama, sai ji ya yi fuuu! Tururi ya turnuƙe gilashi. Sabon lagireto mai zanen zaki ya yage a ɗinki kamar buhun da ya sha rana. Mai Kifi ya kashe motar, ya jira, ya murza makulli. Sabuwar sitata ta ce ƙyat, ta yi shiru, ba ta ƙara cewa komai ba.

Ba gida gaba, ba gida baya. Fitilun farauta na nan reras, hon ma yana yi. Sai dai ba a hawa dutse da hon.

Daga bayan motar kuma ya fara jin ɗis, ɗis, ɗis. Ƙanƙara ta fara kuka. Ƙudaje suka aika wa 'yan'uwansu.

Can sai ga Tsintau ya hauro yana tafe ƙut-ƙut-ƙut, ƙofa ɗaure da waya, gwiwar hannu a taga. Ya tsaya nesa, ya ɗaga murya.

"Mijin Yaya, ratar ta isa ko in ƙara?"

"Kai dalla zo nan!"

"A'a, kada mutane su ɗauka tare muke."

Da ya matso ya ga ruwan da ke bin kwalta, sai ya bar wasa. Ya ce a juye kifin a motarsa yanzu-yanzu. Kun san abin da Mai Kifi ya ce? Wai a'a, sai dai a ɗaure tasa a ja ta har ƙofar otal, a kwance igiyar a kwana, ya gangara ciki kamar da ƙafarta ta zo. Kifi na narkewa, mutum na lissafin yadda za a gan shi!

Tsintau ya ce, "Tawa ba za ta ja mota da kaya a hawan nan ba. Ko kifi ko kwalliya, zaɓi ɗaya."

Sai da wani kare ya fito daga daji ya zauna yana kallonsu cikin ladabi, sannan Mai Kifi ya tuɓe farar riga ya kama ɗaukar kwalayen kifi.

Suka isa otal da sauran sanyi a jikin kifin, da kyar. Babban kuku ya danna ɗaya da yatsa, ya shinshina, ya dubi Mai Kifi da ke tsaye cikin singileti yana ƙarni.

"Yau ka sha. Wace mota ce ta kawo?"

Mai Kifi ya fara bayanin cewa tasa ta musamman tana nan tafe, an yi mata gyara na zamani. Kuku ya katse shi.

"Ni ban san ta zamani ba. Wadda ta hau dutsen nan na sani. In kana son kwangila, a wannan za ka riƙa kawowa, da wannan direban. Ran da na ga wata, ka juya da kayanka."

A hanyar dawowa Mai Kifi ya zauna a gefen Tsintau, a kujerar da ke warin kaji. Sai kunnensa ya fara gane sautin injin. Ya sa aka tsaya, ya buɗe bonet. Ga baƙin lagireto sa'an kakansa, ga famfon ruwa, ga famfon mai, ga sitata, kowanne na zaune daram yana aikinsa. Motarsa ce sukutum a cikin rigar wani.

Abin da ya kawo shi gaban surukinsa ke nan washegari, yana neman a sa Tsintau ya kwance masa kayansa.

Tsohon ya sa aka kira Tsintau. Ya zo ya durƙusa, yana ta faman danne dariya.

"Kai, ka shiga garejin mutane ka ɗauki kaya?"

"Wallahi Baba ko wushiri ban ɗauka ba. Shuro mini ake yi."

Tsohon ya juya. "Lagireton, sace shi ya yi?"

"To... ba za a ce sata kai tsaye ba."

"Wa ya ba shi?"

"Ni ne. Amma Baba, a matsayin shara na ba shi! Da na san mai kyau ne ai ba zan ba shi ba."

"Wannan kam mun sani. Famfon fa?"

"Shi wannan wankin mota ya yi."

"Wato ya biya. Sitata?"

"Lodin kifi."

"To ɗana, ina fashin yake?"

Mai Kifi ya yi ta juya hula. Ya ce ai bakanike ne bai hana shi ba. Aka tuna masa bakanike ya faɗa, shi ya ce a cire. Ya ce ai mai shago ne macuci. Aka tambaye shi wa ya zaga bayan layi ya nemo shi. Ya ce ko ba komai, ai kamata ya yi Tsintau ya ƙi karɓa, don zumunci.

Nan matarsa, da ta biyo shi gidan tana bayan labule tun ɗazu, ta kasa daurewa ta fashe da dariya. Tsohon ma ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

Mai Kifi ya dube su ɗaya bayan ɗaya, bai ga mai taya shi ba. Ya sauke numfashi.

"Shi ke nan. Ni na cire, ni na zubar, ni na shura masa da ƙafata. Ba wanda ya cuce ni sai mai hular nan." Ya kifa ta a ka, ya juya wajen Tsintau, murya ƙasa-ƙasa. "Ƙanina, nawa za ka riƙa kai mini kifin?"

Tsintau ya miƙe, ya kaɗe gwiwa.

"Za mu daidaita, Mijin Yaya, ai ba a ciniki da na gida a gaban Baba. Sai dai ka san dokar da ka kafa: mai neman ƙarfe shi ke wanki. Bokiti na bayan gida. Ka bi a hankali, akwai kaza a kan ƙwai."

Darasi: Tsufa daban, lalacewa daban. In ka sayi mota ta hannu, gyara abin da ya gaji, ka bar abin da ke aiki, kada garin gyaran gira ka rasa ido, kuma ba duk mai ƙyalli a kwali ne nagari ba. Haka mutane suke: ɗan'uwan da kake shura wa shara da ƙafa, wata rana a motarsa za ka nemi wurin zama. Ku tura wa duk wanda kuka san kuɗi na yi masa ƙaiƙayi a aljihu. Kuma kada ku karance mini labari ku sulale shiru kamar yadda kuka saba, ina ganinku, hannuna har ya yi tsami.