Birkin da Aka Toshe wa Baki

Ku yaran yanzu, idonku ne ke mulkinku. Abu in dai yana ƙyalli, to a wurinku ya gyaru. Ba ku iya jira ba, ba ku son a ce muku a'a, ƙarya kuwa ta fi ruwa saurin wucewa a maƙogwaronku. To ku buɗe kunne ku ji abin da Auta ya jawo wa uwar da ta haife shi.

Auta saurayi ne mai hannu, wannan ba mai ƙwace masa. Amma ɗan a-gani-a-yaba ne, dariyar abokai ta fi masa zafi a kan faɗan manya. Ubansa ya rasu ya bar tsohon babur a ɗakin ajiya, an lulluɓe shi da buhu, kaji na kwana a kan sirdinsa. Tanki ya yi tsatsa, tayoyi sun zauna, ɓera ya cinye wayoyi. Auta ya dami Inna da naci har ta bar masa, da sharaɗi guda: babur ba zai taka titi ba sai ƙaninta, Kawu, wanda ya tsufa a gyaran babura, ya duba ya ce ya yi.

Aiki kam ya yi shi. Ya baje buhu a tsakar gida, ya kwance inji, ya wanke kabireta da fetur a tsohon kwanon Inna. Ya kankare tsatsa har yatsunsa suka sale. Ya sa sabon fulogi, ya jiƙa sarƙa a mai, ya fesa wa tanki jan fenti. Ranar da ya buga kik inji ya amsa, Inna ta yar da tsintsiya ta zauna a bakin ƙofa tana share ido da gefen zane. Rabonta da wannan ƙarar tun mai gidan yana da rai.

Saura birki. Da ya taka, sai birkin ya ƙwalla wani kuka mai tsinka haƙori. Abokansa da suka zo kallo suka fashe da dariya.

"Auta, babur ka gyara ko akuya kake yankawa?"

"Ku bar shi, ya huta da sayen hon!"

Kawu ya zo, ya kwance taya, ya shafa ciki da yatsa. "Fatar birkin ta cinye, gaba da baya. Ƙarfe ke gugar ƙarfe. Irinta ta yi wuya, tsohon yayi ce, amma na sa a nemo. Ka jira."

"Har yaushe, Kawu?"

"Har ta zo."

"Babu wata 'yar dabara da za ta kashe ƙarar?"

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Dabarar ita ce ka jingine shi ka nemi wuri ka zauna. Kukan nan da kake jin kunyarsa gaskiya yake gaya maka."

Kawu na fita, Auta ya ɗauko galan ɗin baƙin mai. A hankalinsa na banza, duk ƙarfen da ke kuka mai yake nema. Ya tsiyaya wa birkin gaba, ya tsiyaya wa na baya, ya mayar ya ɗaure. Ya tura babur a tsakar gida, ya taka. Shiru. Ya yi murmushi kamar ya ci yaƙi. Ko kusa bai kula cewa ƙafafunsa ne suka tsayar da shi ba.

Washegari Inna ta ɗauki mayafi za ta dubiya asibiti. Auta ya sha gabanta.

"Inna, ki bar motar haya. Ke za ki fara hawan babur ɗin Baba."

Ta tsaya tana kallon jan tankin. "Kawunka ya gani?"

"Ya gani, Inna. Ya ce ya yi."

Ko ƙifta ido bai yi ba, ɗan marar kunya. Ta yi bismilla ta hau, ta riƙe kafaɗarsa.

Ya bi da ita ta gaban shagon da abokansa ke zama, ya ɗaga musu hannu. Daga nan hanya ta gangara. A ƙasan gangaren wata babbar mota ta tsaya tana sauke kaya. Auta ya taka birki, babur bai san ana yi ba. Ya matse na hannu har ya haɗe da kan babur, gudu sai ƙaruwa yake. Inna na salati a kunnensa. Ya kauce wa motar, ya daki kwalbati. Shi ya tashi da ƙujewar gwiwa. Inna ba ta tashi ba, ƙugunta ya karye.

Da aka turo babur gida, Kawu ya kwance tayar a gaban dangi. Ya sa yatsa, ya fito da shi baƙi ƙirin, ya goge a gaban rigar Auta.

"Mai! Mai a birki! Kai wane irin jaki ne? Da ka kashe kanka, da mun binne ka mun ce ƙaddara. Amma 'yar'uwata ka ɗora, kuma da sunana ka yi mata ƙarya. Da bakina ka karya ta!"

Auta ya durƙusa. "Kawu, wallahi ƙarar ce kawai..."

"Rufe min baki! Ƙarar ta fi ka amana."

To ga darasin, ku riƙe shi da kyau. In abu yana kuka, a gyara abin da ke sa shi kukan, kada a toshe masa baki don gudun dariyar 'yan zaman banza. In babba ya ce a jira, a jira. Kuma kada ka kuskura ka ari sunan mutumin kirki ka lulluɓe aikin da ka san ba ka gama ba, domin wanda ya yarda da kai shi zai kwana a ciki. Auta ya biya. An sayar da babur a kilo ga masu sayen tsohon ƙarfe, kuɗin ko maganin sati bai kai ba. Kawu ya daina amsa gaisuwarsa. Ƙashin Inna ya haɗe a karkace, a zaune take salla har yau. Kuma kullum da safe Auta ne ke tallabarta zuwa bayi, yana jin nishinta a kan kafaɗarsa taku bayan taku.