Zaitun Ɗaya da Ya Rage a Kwazazzabo

A wata ƙasa mai tuddai akwai wani manomi, yana zaune da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwar mahaifiyarsa. Mutanen ƙasar nan da zaitun aka san su. Da mansa suke girki, da shi suke kunna fitila, shi kuma suke shafa wa marar lafiya.

Amma ba haka ƙasar take tun farko ba. Sa'ad da kakanninsu suka fara zama a wurin, zaitun na jeji kaɗai suka tarar, mai ƙaya, 'ya'yansa ƙanana, ba wani man kirki a cikinsu. Sai wani baƙo ya zo daga wajen teku, ɗauke da rassan zaitun mai kyau a nannaɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ya nuna musu yadda ake yanke kan itacen jeji, a tsaga shi, a cusa reshe mai kyau a ciki, a ɗaure, a shafe da laka. Irin auren da muke yi wa mangwaro ke nan. Tun daga lokacin, kowane itace a ƙasar saiwarsa ta jeji ce, kansa kuwa na gida. Uba ya koya wa ɗa, ɗa ya koya wa jika, har tuddan suka rufe da zaitun.

Ana nan sai yaƙi ya zo. Mutane suka kwashi abin da za su iya ɗauka, suka gudu zuwa hayin kogi. Mahaifiyar manomin ba ta iya doguwar tafiya, shi kuwa ba shi da dabba. Maƙwabcinsa yana da jaki, amma ya riga ya labta masa tulunan mai. Manomin ya roƙe shi ya ce, "Maƙwabci, don Allah ka rage kayan nan Inna ta hau."

Maƙwabcin ya kau da kai, ya kora jakinsa, ya yi gaba.

Manomin ya goya mahaifiyarsa, yana tafiya yana hutawa a cikin rana. Ba ta kai kogin ba. A gefen hanya suka binne ta.

Da yaƙin ya lafa, mutane suka koma gida. Suka tarar mahara sun sassare itatuwan zaitun tun daga gindi, sun sa musu wuta, ba abin da ya rage sai baƙaƙen kututturai. Da ruwan sama ya sauka, kututturan suka yi toho, mutane suka yi ta murna. Amma tsofaffi suka sunkuya suka duba, suka girgiza kai, gama an sare itatuwan a ƙasa da mahaɗin auren. Abin da ya toho duk na jeji ne.

Manomin nan kuwa yana da wani tsohon itace a cikin kwazazzabo, can bayan gonarsa, tsakanin manyan duwatsu. Mahara ba su gan shi ba. Yana nan tsaye da ganyensa, ko reshe ɗaya ba a taɓa ba. A duk ƙasar shi kaɗai ne zaitun na gida da ya rage.

Matarsa ta ɗaga hannu sama ta ce, "Maigida, Allah ya tuna da mu! Da wannan itacen za mu ci, da shi za mu sake rufa ɗaki."

Manomin ya yanko rassa ya aura wa kututturan gonarsa. Ba a daɗe ba labari ya bazu, mutane suka fara sallama a ƙofarsa. Wannan ya zo ya roƙi reshe, wancan ma ya zo. Kowane reshe da aka yanka kuwa, 'ya'yan da zai ba da ne aka yanka tare da shi. Duk da haka manomin ya riƙa ɗaukar wuƙarsa yana gangarawa kwazazzabon. Ya ba gwauruwa, ya ba makaho, ya ba mutanen da ko sunansu bai sani ba. Da kaka ta yi, abin da suka tara bai cika kwando ba, sau da yawa kuma tuwonsu ba mai.

Daga ƙarshe sai ga maƙwabcin nan mai jaki. Ya tsaya daga nesa, ya kasa ɗaga ido. Ya ce, "Gonata duk ƙaya ce. 'Ya'yana suna jin yunwa."

Manomin ya dube shi, zuciyarsa ta yi zafi. Ya shige gida ya bar shi a tsaye.

Matarsa ta ce, "Ka yi daidai. Ko ka manta inda muka bar Inna?"

Ya ce, "Ban manta ba. Har yanzu ina jin nauyinta a bayana."

Ya yi kwanaki ba ya jin daɗin abinci. In ya fita gona, sai ya hango 'ya'yan maƙwabcin ta kan shinge suna tonon saiwoyi. Ran nan da safe ya wasa wuƙarsa. Matarsa ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Ina za ka?"

Ya amsa ya ce, "Itacen nan ba ni na kawo irinsa ba. Ubana ma tarar da shi ya yi. Wani ne ya yanka nasa ya kawo wa kakanninmu, bai kuwa tambaye su ko su mutanen kirki ne ba. Yaran can ba su suka kora jakin ba."

Ya gangara ya yanko rassa, ya nufi gonar maƙwabcin. Da maƙwabcin ya hango shi tafe da wuƙa a hannu, sai ya firgita, ya ja da baya. Manomin ya durƙusa a gindin kututture na fari, ya tsaga shi, ya ce, "Kawo laka." Maƙwabcin ya kawo laka, hawaye na zuba. Suka yi ta aiki har rana ta yi tsaka.

Bayan 'yan shekaru aka yi wani ruwa mai ƙarfi a kan tuddai. Ambaliya ta gangaro ta cikin kwazazzabon da duwatsu da taɓo, ta tumɓuke tsohon itacen ta tafi da shi. Ta bi ta gonar manomin, ta kakkarye dukan rassan da ya aura. Da ruwan ya janye, manomin da matarsa suka tsaya a cikin taɓo suna duba gonar, ko ganye ɗaya na zaitun na gida ba su gani ba. Matar ta zauna a kan dutse ta fashe da kuka.

Suna nan sai suka ji kukan jaki. Suka waiga, ga maƙwabcin yana tahowa, ya labta wa jakin dammunan rassa. A bayansa ga gwauruwar nan, ga wasu da yawa daga kan tuddai, kowa da abin da ya yanko daga gonarsa, gama itatuwansu sun riga sun kama, har wasu sun fara 'ya'ya.

Maƙwabcin ya sauke kayan a gaban manomin ya ce, "A gonata na yanko, amma naka ne. Ina wuƙarka?"

A shekarar suka sake aura wa gonar manomin duka. Haka zaitun ya komo ƙasar nan, ya sake rufe tuddai.

To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Zaitun na jeji shi ne halinmu in an bar mu yadda muke. Yana toho da sauri, ba ya bukatar ban ruwa, amma ƙaya ce. Reshe mai kyau kuwa shi ne alherin da Ubangiji ya dasa a cikinmu, ba don mun cancanta ba. Ba wanda aka haifa da shi a cikinmu. Wani ne ya kawo mana, kuma sai da aka yanki wani kafin mu samu, wato Almasihu Mai Cetonmu.

Ku lura da abu ɗaya. Da manomin ya bi shawarar tsoro ya ɓoye itacensa, da ranar ambaliya irin zaitun ya ƙare a ƙasar har abada. Abin da ya riƙe a kwazazzabo ruwa ya tafi da shi. Abin da ya yanka ya bayar, shi ne ya rayu.

Na san a cikinku akwai waɗanda suka taɓa gudu suka bar gida, suka dawo suka tarar da toka. Na san akwai wanda ya ƙi ku a ranar da kuka fi bukatarsa, har yau kuma in kun hango shi a kasuwa sai ku sake hanya. Ba a ce ku manta ba. Manomin bai manta ba, da nauyin mahaifiyarsa a zuciya ya shiga gonar maƙwabcinsa. Abin da ake ce muku shi ne, kada zafin da kuka sha ya sa ku katange alherin Allah, gama ba naku ba ne ku kaɗai.

Kowannenmu yana da abin da ya tsira a hannunsa. Wani sana'a ce, wani irin shuka ne, wata kuwa ta iya karatu, wata ta iya yi wa mai baƙin ciki ta'aziyya. Bayarwa za ta rage muku wani abu a bana, kada kowa ya ruɗe ku. Amma Allah mai aminci ne, ba ya barin abin da aka bayar saboda sunansa ya mutu.

Saboda haka in kun tashi daga nan yau, kowa ya tuna da mutumin da ya bari a tsaye a ƙofar gidansa. Kun san shi, kun san hanyar gonarsa. Ku yanki reshe ku kai masa.